Mura Iri Biyu Ce

Yau maganarmu a kan mura ce, ciwon da ba wanda bai san shi ba, ba kuwa wanda ya ɗauke shi a bakin kome. In ka gai da mutum ya ce maka, "Lafiya lau, sai 'yar mura," ai ko sannun kirki ba ka yi masa. To, galibi yana da gaskiya, 'yar mura ce. Amma akwai wata cuta wadda ta ari rigar mura, mu kuwa muka haɗa su muka ba su suna ɗaya. Likitoci suna kiranta infuluwenza. A cikin wannan jawabi zan riƙa ce mata babbar mura, don kada sunan ya riƙa sarƙe mana harshe. Kama da wane ba wane ba ne. Ƙaramar mura takan dame ka mako guda ta tafi, babbar kuwa takan kayar da ƙato, wani lokaci har ta yi kisa.

Dukansu biyu ƙwayoyin cuta ne ke kawo su, irin waɗanda ake kira bairos. Don ƙanƙantarsu, ko madubin da muke duba jini da shi a asibiti ba ya nuna su. Masu kawo ƙaramar mura sun fi iri 200. Shi ya sa ba a gama yinta kamar yadda ake gama ƙyanda. In jikinka ya gane wannan ya kore ta, gobe sai wata baƙuwa ta zo wadda bai taɓa gani ba. Babban mutum yakan yi mura sau 2 ko 3 a shekara, ƙaramin yaro kuwa sau 6 har 8. Saboda haka ke uwa, in ɗanki yana yawan zubar da majina, kada ki ce baki ne ko maita. Jikinsa ne ke koyon sanin abokan gaba ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayar babbar mura kuwa danginta dabam ne. A shekarar 1933 waɗansu likitoci uku a Landan suka fara samo ta daga maƙogwaron mutum, suka sa wa wata 'yar dabba mai kama da tunku, ita ma ta kamu. Halinta shi ne sake kama. Kowace shekara takan ɗan sauya, har jikin da ya san ta bara ya kasa gane ta sosai bana.

Yadda suke yaɗuwa ɗaya ne. Mai mura ya yi atishawa ko tari, ƙwayoyin su fito cikin tsattsafin yawu, na kusa da shi ya shaƙa. Ko kuwa ya fyace majina da hannu, ya goge a riga, ya ba ka hannu ku gaisa, kai kuma ka sosa ido ko hanci. Moɗa guda da kowa ke sha da ita a bakin randa ita ma tana nata aikin.

Na san za ka ce, to ina sanyi? Ai kowa ya san sanyi ke kawo mura. A Ingila, a wani gari mai suna Salisbury, an buɗe wani gida a 1946 musamman don binciken mura, ya yi fiye da shekara 40 yana aiki. Can an sa waɗansu mutane, da yardarsu, suka yi wanka suka tsaya a jiƙe inda iska ke kaɗawa, sa'an nan suka zauna da jiƙaƙƙiyar safa a ƙafa. Waɗanda ba a ɗiga wa ƙwayar a hanci ba, ba su yi mura ba, duk da sanyin da suka sha. Watau sanyi shi kaɗai ba ya haifar da mura. Amma yana buɗe mata ƙofa, gama iskar hunturu da ƙura sukan busar da cikin hanci su raunana shi, kuma lokacin ne mutane ke cunkushewa a ɗaki guda, an toshe taga, kowa na shaƙar numfashin ɗan'uwansa. Tsohuwar da ta ce a sa wa yaro hula ba ta yi laifi ba. A dai ƙara da buɗe taga.

To, yaya za ka bambanta su? Fara da tambayar yadda ciwon ya zo. Ƙaramar mura sallama take yi. Yau ka ji maƙogwaro yana ƙaiƙayi, gobe atishawa, hanci ya soma zuba kamar ruwa, jibi ya toshe, murya ta dushe, ka ɗan fara tari. A rana ta biyu ko ta uku take kai matuƙar ƙarfinta, daga nan ta riƙa ja da baya, cikin kwana 7 zuwa 10 ta rabu da kai, ko da yake tarin yakan yi saura har mako uku. Mazauninta daga wuya ne zuwa sama, watau hanci da maƙogwaro da idanu. Babban mutum ba safai yake zazzaɓi da ita ba, in ma ya yi, ɗan ɗumi ne. Yara ne sukan yi zafin jiki kwana ɗaya ko biyu. Kana jin abinci ba daɗi, amma kana ci. Kana jin nauyin kai, amma kana zuwa gona. Akwai kuma abin da ke tsorata mutane a banza. Bayan kwana biyu ko uku majinar takan yi kauri, ta koma ruwan ɗorawa ko kore. Wannan ba ya nuna ciwon ya ɓaci. Sojojin cikin jini ne da suka yi yaƙi suka mutu jiki ke fitarwa.

Babbar mura ba ta sallama. Mutum ya fita da safe garau, kafin la'asar an dawo da shi yana makyarkyata. Sau da yawa mai ita yakan iya gaya maka sa'ar da ta kama shi, ya ce, "Ina cikin ɗinki bayan azahar, sai na ji kamar an kwara mini ruwan sanyi." Mai ƙaramar mura ba ya iya wannan. Jiki ya yi zafi, in an sa ma'auni a ga digiri 38, 39, har 40. Kai ya yi ta sara, bayan idanu na ciwo, baya da cinyoyi da gaɓoɓi duk su yi tsami kamar wanda aka yi wa dukan tsiya. Tarin busasshe ne, mai cin ƙirji, ba ya fid da kaki. Hanci yana iya zuba, amma ba shi ne abin da mai ciwon zai fara kuka da shi ba. Yara wani lokaci har da amai da zawo. Alamar da na fi dogara da ita kuwa ita ce kasala. Manomin da ba a taɓa ganin bayansa a tabarma da rana ba, ka same shi kwance, ko an ce masa shanu sun shiga gonarsa sai ya ce a tura yaro. In ka ga haka, ba 'yar mura ba ce. Zazzaɓin yakan sauka cikin kwana 3 ko 4, amma tari da rashin ƙarfi sukan bi mutum mako biyu ko fiye.

Kada ka raina ta. Cikin watan Satumba na 1918 jirgin ruwa ya sauke ta a Ikko, watau Legas, ta bi hanyar jirgin ƙasa da ta fatake, kafin shekara ta ƙare ta game ƙasa har Arewa. Ita ce kakanninmu suka kira marisuwa. An ƙiyasta ta kashe wajen mutum 500,000 a Nijeriya, a duniya kuwa wajen miliyan 50, kuma a wannan karon ta fi ɗaukar majiya ƙarfi, masu shekara 20 zuwa 40. Ta sake game duniya a 1957 da 1968 da 2009, ko da yake ba da wannan muni ba. Irin haka yakan faru ne sa'ad da ƙwayar ta sake kama gaba ɗaya, ba wanda jikinsa ya san ta. Ko a shekarar da ba annoba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe tsakanin mutum 290,000 da 650,000. Yawancin kisan a huhu take yinsa. Ko ta sauka can da kanta, ko ta sassaɓe hanya waɗansu ƙwayoyin su bi bayanta su kawo ciwon huhu, wanda ake ce wa namoniya.

Yanzu ga inda nake so ka kasa kunne sosai. Zafin jiki, makyarkyata, ciwon kai, tsamin gaɓoɓi, kasala: ashe ba su ne alamun zazzaɓin cizon sauro ba? Su ne. Mu da muke duba marasa lafiya kullum ba mu iya raba su da ido, likita ma haka. A ƙasar da ba sauro mutum yana iya kwanciya da zazzaɓi ya ce babbar mura ce, bari in huta. Mu nan ba mu da wannan damar. Duk wanda jikinsa ya yi zafi sosai, babba ko yaro, a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a kwana biyu ana jira. Ɗan tsira yatsa ne, cikin minti 15 ko 20 an san amsa. Kada kuma zubar majina ta ruɗe ka, yaro yana iya haɗa mura da maleriya a lokaci guda, kuma maleriya tana iya kashe shi cikin kwana biyu kana can kana dafa masa citta.

Waɗansu cututtukan ma da kamar mura suke farawa. Korona, wadda ta game duniya a 2020, ba ta tafi ba, kuma gwaji ne kaɗai ke raba ta da babbar mura. Ƙyanda takan fara da majina da tari da jan ido, bayan kwana 3 ko 4 ƙuraje su feso daga fuska. Sanƙarau yakan zo tsakanin hunturu da bazara, da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, wuya ya sandare, mutum ba ya son haske. Wannan ba a kwana da shi a gida. Mai kiwon kaji kuma ya tuna da murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Jihar Kaduna a 2006. In kajinka suna mutuwa kai kuma ka kwanta da zazzaɓi, ka gaya wa likita maganar kajin.

To, an gwada, ba maleriya ba ce, ba kuwa wata alamar haɗari. Jiyya ta koma gida ke nan. Ka sani tun yanzu ba wani ganye ko saiwa ko ƙwaya da ke kashe ƙwayar ƙaramar mura. Jikinka ne ke korar ta. Aikin mai jiyya shi ne ya ba jiki abin yaƙi, ya kuma rage masa wahala kafin ya gama.

Na farkon abin yaƙin hutu ne, shi ne kuwa wanda mutanenmu suka fi ƙi, don ba a sayensa. Mai ƙaramar mura ya rage aiki ya kwanta da wuri, ya isa. Mai babbar mura kuwa tilas ya kwanta, ya zauna gida har zazzaɓin ya sauka da kansa ya kwana ya yini bai dawo ba. Na san mai neman abin da za a ci yau zai ce ina ya ga ta kwanciya. Amma lissafa ka gani: kwana huɗu a gida, ko mako biyu a gadon asibiti da kuɗin magani? Barci ma kansa garkuwa ne. A wani gwaji da aka yi a Amurka, aka buga a 2009, an ɗiga wa mutum 153 ƙwayar mura a hanci, aka tarar masu barci ƙasa da awa 7 sun fi masu awa 8 kamuwa kusan sau uku. In hanci ya toshe da dare, ƙara matashin kai, numfashi zai fi sauƙi.

Sai ruwa. Zazzaɓi da gumi suna ƙone ruwan jiki, in kuwa ruwa ya ragu majina da kaki sukan yi danƙo su ƙi fita, kai ya ƙara ciwo. A riƙa ba mai ciwon abin sha a kai a kai, kada a jira ya nema. Ma'aunin yana wurin fitsari: in yana fita fari ko ɗan ruwan ɗorawa, ruwa ya isa, in ya yi ja kuma kaɗan, a ƙara. Abu mai ɗumi ya fi daɗin maƙogwaro, yana kuma sassauta majina. Ga kunu, ga koko, ga romon kaza ko na kifi, ga shayi da citta da kanumfari da ɗan lemun tsami. Waɗannan duk suna da kyau, ina kuwa shan su in mura ta kama ni. Sauƙi suke kawowa, ba su rage kwanakin ciwon da yawa, amma sauƙin nan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya kasa haɗiyar yawu. Kada dai a cika yaji har ya ƙone cikin da ba abinci. Lemu da gwaiba da garin 'ya'yan kuka suna da bitamin C, a ci a sha. Sayen ƙwayarsa bayan mura ta riga ta kama ka kuwa ba ya tsinana wani abin kirki, gara kuɗin ya tafi wurin mai lemu. In mai ciwon ba ya son tuwo kada a matsa masa, a ba shi kaɗan kaɗan sau da yawa. Jariri kuma a ƙara ba shi nono. Ko uwar ce ke da murar kada ta daina, gama nononta yana ɗauke da garkuwar da jikinta ya yi. Ta wanke hannu, ta kau da fuska in za ta yi tari. Wanda bai kai wata 6 ba nono kaɗai za a ba shi, ban da shayi, ban da jiƙo.

Cikin abubuwan gida, zuma ce aka gwada aka ga lalle tana rage tari, musamman tarin dare na yara. Cokalin shayi guda kafin barci, ko a lasa ko a dama cikin ruwan ɗumi. Amma ji wannan da kyau: yaron da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma, ko ɗigo. Akwai wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta. Hanjin babba yana iya da ita, na jariri ba ya iyawa, takan tsiro a ciki ta fid da dafin da ke shanye jiki har numfashi ya gagara. Kyan zumar ko tsadarta ba su hana wannan.

Gishiri kuma yana aiki biyu. In maƙogwaro na zafi, sa rabin cokalin shayi cikin kofin ruwan ɗumi, ka kurkure har can ciki ka tofar, sau uku ko huɗu a yini. In hancin jariri ya toshe ya kasa kama nono, tafasa ruwa, bar shi ya huce, sa gishiri ɗan ƙasa da rabin cokalin shayi a kofi guda, ki ɗiga ɗigo biyu a kowane hanci kafin ki ba shi nono, ki share abin da ya fito da tsumma mai tsabta. Kowace rana a haɗa sabo.

Sirace fa? Tururi yakan ɗan buɗe hanci na wani lokaci, ba ya kashe ƙwayar, ba ya kuma gajarta ciwon. Babba in yana so ya yi, ya sauke tukunyar daga wuta tukuna. Yaro kuwa ban yarda a lulluɓe shi da tafasasshen ruwa ba ko kaɗan. Motsi ɗaya zai yi tukunya ta kife, mura ta mako guda ta zama ƙuna ta har abada. Haka kuma lulluɓe mai zazzaɓi da barguna wai don ya yi gumi, wannan ƙara masa zafi ne. Mayafi mara nauyi ya isa. Man zafi a shafa wa babba a ƙirji, amma kada a cusa shi cikin hanci, kada kuma a shafa wa yaron da bai kai shekara 2 ba. Mafi muni duka shi ne kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe. Gawayi yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutane su kwanta jin ɗumi a wayi gari ba su tashi ba. Janareta ma haka yake. In kuma maƙogwaro ya daɗe yana damun yaro, kada a ce belu ne a kira wanzami. Belu ba ya kawo tari, yanke shi kuwa yana jawo zubar jini da shigar cuta.

Bari mu leƙa kantin magani, tun da na san can za a fara zuwa. Farasitamol yana sauke zazzaɓi ya rage ciwon jiki. Babba ya sha ƙwaya 2 masu miligiram 500, ya bar awa 4 zuwa 6 tsakani, kada ya wuce ƙwaya 8 a kwana da yini, gama wuce haka yana lalata hanta. Yawancin magungunan mura na kemis akwai farasitamol a cikinsu, saboda haka kada a haɗa biyu. Na yaro bisa ga nauyinsa ne, a tambayi ma'aikacin lafiya. Asfirin kuwa ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba, domin in ya haɗu da babbar mura yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Maganin tari na kwalba ba ya amfanar ƙananan yara, kada a ba wanda bai kai shekara 6 ba sai likita ya ce. A 2022 yara wajen 70 suka mutu a Gambiya bayan shan irin waɗannan magungunan ruwa da suka gurɓata. Mai kodin a ciki kuwa Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018, saboda yadda ya lalata matasa.

Saura kafso da allura, irin su amfisilin da amoksisilin. An yi su ne don wata irin ƙwayar cuta dabam, wadda ake kira bakteriya. Ba su taɓa bairos. Mutum ya sha kafso a rana ta huɗu, ya warke a ta bakwai, ya yi ta yabon kafso, alhali ko bai sha ba ranar zai warke. Abin da ya samu kawai shi ne ƙwayoyin cikin jikinsa sun saba da maganin, ran da namoniya ta zo da gaske a ba shi ya ƙi ci. Bar wa likita ya faɗi lokacin da ake bukatarsu.

Yaushe jiyyar gida ta ƙare? Numfashi za ka duba kafin kome. Sa'ad da yaro ke kwance shiru, ba kuka yake ba, ɗaga rigarsa, dubi agogo, ka ƙirga numfashinsa minti guda cur. Wanda bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara guda, 50. Daga shekara guda zuwa 5, 40. In ya kai haka, ko ka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja numfashi, to ciwon ya sauka huhu, a tafi asibiti yanzu, ko da tsakar dare ne. Haka in ya ƙi nono ko ruwa, ko yana amayar da kome, ko ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi ba ya tasuwa. Jaririn da bai kai wata 3 ba, zazzaɓi kawai ya isa dalili. Ga babba kuwa, haki yana zaune, ciwon ƙirji ko na haƙarƙari, kaki da jini, leɓe ya canza launi, ruɗewa, ko zazzaɓin da ya wuce kwana 3. Akwai kuma wata alama mai yaudara. Mutum ya ji sauƙi kwana biyu har ya fita, sai zazzaɓi ya dawo da tari mai kaki. Wannan dawowar sau da yawa namoniya ce. Tarin da ya kai mako biyu yana tafe da rama da gumin dare kuma, a kai kaki a gwada ko tarin fuka ne.

Akwai waɗanda ba a jira alamun nan a kansu: tsoho mai shekara 65 zuwa sama, yaro ƙasa da shekara 5, mace mai ciki ko mai jego, mai asma, mai ciwon sukari, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai sikila, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Su da an ga alamar babbar mura a kai su. Akwai maganin da aka yi dominta musamman, sunansa oseltamibir, amma ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48 na farko. Akwai kuma allurar rigakafinta, wadda ake sabuntawa kowace shekara saboda sake kamar nan da na gaya maka. Hukumomin lafiya na Saudiyya suna shawartar maniyyata su yi ta kafin tafiya. Ƙaramar mura ba ta da rigakafi, gama ba a iya yin allura ɗaya ga iri 200.

Mai babbar mura yana iya ba wani tun kwana ɗaya kafin shi kansa ya ji ciwo, har zuwa kwana 5 ko 7 bayan ya kwanta. Saboda haka a ware masa kofinsa da cokalinsa, ya yi tari cikin hankici ko cikin gwiwar hannunsa, a wanke hankicin da sabulu a shanya a rana. Mai jiyya ta wanke hannu da sabulu duk sa'ad da ta fito daga ɗakin. Dubiya kuwa al'ada ce mai kyau, ba na cewa a bari. Amma ba sai mutum goma sun cika ɗakin sun zauna awa guda ba. A yi sannu daga bakin ƙofa, a ajiye abin da aka kawo. Tsofaffi da masu ciki da masu goyo su aika da gaisuwa, in ya tashi sa zo.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan tarin fuka.